Sunan Ruzbeh: dan Allah wa ya san asalinsa da ma'anarsa?

Mai_Tsaron_Baya:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gareni ga masana, kuyi haƙuri zan ɗan ja labarin kafin in zo kan tambayar. Tun gasar cin kofin duniya ta 2022 da akayi a Katar wani suna ya maƙale min a rai ya ƙi fita. Masu kallon ƙwallo za su tuna wasan Iran da Wales, ranar Juma'a ce 25 ga Nuwamba, Iran ɗin da Ingila ta gama yi wa ruwan ƙwallaye 6 da 2 a wasan farko kowa ya cire rai da su, sai ga golan Wales ya sha jan kati ana dab da tashi, aka shiga ƙarin lokaci ana ta fafatawa babu ci, kawai minti na 98 wani dogon ɗan wasa ya ɗaɗa ta daga wajen yadi na 18 sai raga, wlh har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sunansa Rouzbeh Cheshmi. Rezaeian ya ƙara ta biyu amma ni ta farkon ce ta tsaya min.

To tun ranar sunan nan Ruzbeh yake min daɗi a baki, bansan dalili ba. Yanzu kuma Allah ya sa maiɗakina na da juna biyu, an yi sikanin ance namiji ne in sha Allahu, shine na faɗa mata ina sha'awar sunan ta kalleni tace wannan kuma sunan magani ne ko na mutum. Sai wani abokina yace min ai wai shine sunan Salmanul Farisi na asali kafin ya musulunta, nace toh in haka ne ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na shiga Google na duba amma sai kaina ya ƙara kullewa, wani shafin yace sunan Larabci ne, wani yace Farisanci, wani ma cewa yayi wai ma'anarsa fure, rubutun ma kowa da nasa, Rouzbeh, Roozbeh, Ruzbih. Abin da nake son sani: wane yare ne takamaimai, me yake nufi, gaskiya ne batun Salman ɗin, kuma ya halatta musulmi ya saka wa ɗansa? Sannan su can Iran ɗin suna ne da ya yawaita ko shima ɗan wasan shi kaɗai ne. Nagode, Allah ya bada ladan amsa.

Ummu_Sumayya:

Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya ya sauketa lafiya. Amma ɗan'uwa tsakani da Allah, in dai don Salman kake so me zai hana ka sa Salman ɗin kai tsaye? Shi da kansa ai da Salman duniya ta sanshi, da shi yayi sahabantaka, da shi ya rasu. Sunan da mutum yake da shi lokacin yana majusi yana hura wutar bauta kuma shi za ka je ka tono ka liƙa wa yaro? Ni dai ban ce haramun bane don ba malama bace ni, amma suna linzami ne, kuma yaron ne zai ɗauki kayan ba kai ba, duk inda yaje sai an ce masa "me kace?" sau uku. Ina bayan maiɗakinka gaskiya.

Ɗalibin_Farisanci:

Malam Mai Tsaron Baya sannu da ƙoƙari, matambayi baya ɓata. Ni ɓangaren yare zan taɓa don shi na ɗan karanta, batun halacci in bar wa masu shi.

Da farko ka cire batun Larabci da batun fure, duk shirme ne irin na shafukan nan masu kwafar juna, sun ga farkon sunan yayi kama da kalmar furen nan ta Turanci sai suka yanke hukunci. Sunan Farisanci ne tsantsa. Mutane da yawa suna ɗauka Farisanci wani reshe ne na Larabci saboda haruffan rubutu iri ɗaya ne, alhali ko kusa, ba dangin juna bane ma. Farisanci danginsa su ne Kurdanci da Fashto da Hindi, har Turanci ma ɗan'uwansa ne na nesa, haruffan kawai suka ara bayan zuwan musulunci suka ƙara guda 4 nasu na sautukan da babu a Larabci, shi yasa nasu 32 ne. Kuma ba Iran kaɗai ake yinsa ba, Afganistan suna kiransa Dari, Tajikistan suna kiransa Tajik suna rubutawa da haruffan Rasha.

Sunan kalma biyu ne aka haɗa. Ruz shine rana, irin ranar kwanan wata ko yini, ba ranar da take sama ba, waccan khorshid ko aftab suke ce mata. Beh kuma mai kyau ne ko mafi kyau. To Ruz-beh a zahiri "mai kyakkyawar rana", wato wanda kwanakinsa suka yi kyau, mai sa'a, mai rabo, wanda zamani ya yi da shi. In kana neman kwatankwacinsa a sunayen Larabci da muka saba ji to kusan Sa'idu ko Mas'udu kenan. Ba sunan gunki bane, ba sunan wuta bane, babu wata bauta a cikinsa, fata ne kawai na alheri.

Abin dariyar ma in ka juya shi ka sa beh a gaba sai ya koma Behruz, shima suna ne na maza kuma ma'anar ɗaya ce, kamar kace sa'a mai kyau da kyakkyawar sa'a. Wannan beh ɗin yana cikin sunaye birjik, Behnam mai kyakkyawan suna, Behzad wanda aka haifa da kyau ko ɗan asali, har aljanna ma behesht suke ce mata, asalinta "mafi kyawu". Ruz kuma shine a cikin Nauruz, bikin sabuwar shekararsu da yake faɗowa 20 ko 21 ga Maris, nau sabo, ruz rana, sabuwar rana kenan. Jarida ruznameh, azumi ruze. Duk wanda ya saba jin Hindi ko Urdu zai gane roz da behtar, ai daga Farisanci suka aro su, kuma furucin "roz" ɗin shine tsohon furuci, mutanen Afganistan har yau haka suke faɗa, na Iran ne suka mayar da shi "ruz".

Batun rubutu kuwa kar ya dameka, suna ɗaya ne. Da haruffansu ra, wawu, zayi, ba, ha ne. Masu rubuta "ou" salon Faransanci suka bi don Iraniyawa sun daɗe suna mayar da sunayensu zuwa boko ta hanyar Faransanci, masu "oo" salon Ingilishi ne, Ruzbih kuma yadda malaman jami'a suke rubutawa in suna ɗaukowa daga tsofaffin littattafan Larabci. Furucin dai Ruuz-beh, a ja u ɗin, kuma ha ɗin ƙarshe ana ɗan furtata ba a haɗiyeta.

Bari in ƙara da wani abu da ni ya bani mamaki ranar da na fara karantawa. Daga ruz ɗin nan suka sami ruzi, wato abin da mutum yake samu na yini, abincin yau. A tsohon Farisanci na zamanin Kisra, wato sarakunan Farisa kafin musulunci, ana ce masa rozig. To masana tarihin kalmomi da dama suna ganin daga nan Larabci ya samo rizƙ, mu kuma daga ar-rizƙ muka sami arziki. In haka ne kaga rabin sunan nan yana bakinmu kullum bamu sani ba, duk ranar da kace Allah ya bada arziki ka taɓo ɗan'uwan Ruzbeh.

Ummu_Sumayya:

A'a Malam ɗalibi tsaya, ina ta gyaɗa kai har ka zo nan. Rizƙ fa a Alƙur'ani yake, Ar-Razzaƙ sunan Allah ne, kuma Allah yace Alƙur'ani ne Balarabe, ta yaya za ka ce daga yaren majusawa aka ɗauko? Wannan ba irin maganganun Turawan nan bane masu neman tawaya littafi?

Almajirin_Sira:

Assalamu alaikum. Hajiya Ummu Sumayya Allah ya saka da alheri da kishin addini, amma kwantar da hankalinki, wannan mas'alar ta girmi Turawa nesa ba kusa ba, malamanmu ne suka fara tattaunata. Imamu Shafi'i yana cikin masu cewa babu komai a Alƙur'ani sai Larabci, wasu kuma tun daga kan magabata suka ce akwai kalmomin da asalinsu na wasu yaruka ne, an ruwaito daga Ibn Abbas cewa sijjil ɗin nan na cikin suratul Fil Farisanci ne, sang da gil, dutse da yumɓu. Istabraƙ ma haka aka ce. Abu Ubaid ya sulhunta yace duka biyun gaskiya ne, asalin na baƙi ne amma Larabawa sun ara tun kafin saukar wahayi sun sarrafa shi da harshensu ya zama nasu, sai Alƙur'ani ya sauka da yaren da suke yi. Ita rizƙ ɗin takamaimai malaman lugga na Larabawa a matsayin tushen Larabci suka ɗauketa, masu cewa aro ce masana na baya ne, to ɗalibi ma ai "suna ganin" yace bai rantse ba. Kowanne ne dai baya rage wa littafin Allah komai.

Yanzu in dawo kan mai tambaya. Ɗan'uwa abokinka bai yi ƙarya ba amma bai faɗa maka duka ba. Sunan Salman kafin musulunci akwai saɓani a kai, wasu suka ce Mabih ko Mahbeh, wasu suka ce Bahbud, wasu suka ce Ruzbeh, kuma wannan na ƙarshen ya fi shahara a wajen mutanen Iran da littattafan Shi'a, shi yasa in ka tambayi Ba'iraniye kai tsaye zai ce maka Ruzbeh ne ba tare da wani kokwanto ba. Ka lura da wani abu, duka ukun akwai beh ɗin nan da ɗalibi yayi bayani a ciki, mah wata ne, kaga ko wanne ne daidai dai mahaifinsa fatan alheri yayi masa. Garinsu ma haka, a dogon hadisin da Ibn Abbas ya ji daga bakinsa yace shi mutumin Isfahan ne daga wani ƙauye Jayyu, a Sahihul Bukhari kuma akwai inda yace shi daga Ramahurmuz yake. Don haka ni shawarata kar ka gina son sunan akan cewa tabbas na Salman ne, kace ɗaya ne daga cikin abin da aka faɗa.

Kuma labarin bawan Allahn nan in ka karanta shi da sunan a ranka sai kaji wani iri. Ɗan gata ne fa, babansa dihƙan ne wato mai gari mai gonaki, saboda tsananin so ya kulle shi a gida kamar budurwa, aikinsa kula da wuta kar ta mutu. Rana ɗaya aka aike shi gona ya bi ta wajen cocin Nasara yaji suna ibada shikenan zuciya ta tafi, uban ya sa masa mari a ƙafa ya kwance ya bi ayari zuwa Sham. Daga wannan malami zuwa wancan, kowa in zai mutu sai ya tura shi gaba, Mausil, Nasibin, Ammuriyya, na ƙarshen yace masa zamanin wani Annabi ya gabato a ƙasar Larabawa a gari mai dabino tsakanin duwatsu baƙaƙe, yana cin kyauta baya cin sadaka, akwai hatimi tsakanin kafaɗunsa. Ya ba wasu fatake 'yan ƙabilar Kalb shanunsa da tumakinsa su kai shi, suna isa Wadil Ƙura suka ci amanarsa suka sayar da shi bawa, daga nan aka sake sayar da shi ga wani mutumin Banu Ƙuraiza ya kawo shi Madina. Wanda aka sa wa suna mai sa'a ga shi a saman dabino yana bauta, duk wanda ya ganshi ranar zai ce ina sa'ar take, alhali cin amanar nan ita ta kawo shi daidai garin da yake nema. Bautar ce ta hana shi Badar da Uhudu, sai da ya fanshi kansa da dashen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinare, Annabi SAW ya dasa da hannunsa mai albarka sahabbai suka taimaka, sannan a shekara ta 5 bayan hijira ya kawo shawarar haƙa ramin Khandaƙ, dabarar yaƙi ce ta Farisawa da Larabawa basu santa ba. Ƙarshe ya zama gwamnan Mada'in, babban birnin Kisra da kansa, can ya rasu, wurin yau ana ce masa Salman Pak kusa da Bagadaza.

Akwai wani Ruzbeh ɗin ma da malaman tarihi suka fi haɗuwa akan sunansa, shine Ibnul Muƙaffa wanda ya fassara Kalila wa Dimna daga tsohon Farisanci zuwa Larabci. Sunansa na yanka Ruzbeh ɗan Daduya, mutumin yankin Fars, Muƙaffa laƙabin babansa ne saboda dukan da aka yi masa akan kuɗin haraji har hannunsa ya shanye. Da ya musulunta a farkon daular Abbasiyawa ya koma Abdullahi. Mutumin da Larabci ba yaren gidansu bane amma har yau da rubutunsa ake koya wa 'ya'yan Larabawa iya zance. Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba, gwamnan Basra ya kashe shi zamanin halifa Mansur bai ko tsufa ba. Sai kuma Ruzbihan Baƙli, babban sufi na Shiraz, an haife shi 1128 ya rasu 1209, shi kam musulmi ɗan musulmi ne kuma da sunan ya rayu ya mutu, malami ne har tafsiri ya rubuta, wannan kaɗai ya nuna maka musulmin Farisa basu ɗauki sunan a matsayin na majusanci ba.

Hukunci kuwa, abin da na sani daga malamai, ba a sharɗanta suna ya zama na Larabci ba, abin dubawa ma'ana. Ibrahim, Isma'il, Ishaƙ, Yusuf, Musa, duk a nahawu sunayen ajami ne, kuma Annabi SAW ya sa wa ɗansa Ibrahim. Sunayen da ya canza saboda ma'anarsu ne, mai suna Asiya da harafin aini da sadi wato mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar Zainab saboda yabon kai, Hazn yace ya koma Sahl. Amma Fairuz Ad-Dailami, sahabin da ya kashe Aswadul Ansi mai da'awar annabta a Yaman, sunansa Farisanci ne, Piruz wato mai nasara, Larabci ba shi da p sai ta koma f kamar yadda Pars ta koma Faris, kuma ba a canza masa ba. Kakan kakan Imamul Bukhari ma Bardizbah sunansa. To haramci dai ban ga ta inda zai shigo ba. Amma halacci daban falala daban, hadisi ya tabbata mafi soyuwar sunaye a wajen Allah Abdullahi da Abdurrahman, kuma maganar Hajiya tana da ƙarfi ta wannan fuskar, an ce shi Salman in aka tambaye shi nasaba cewa yake ni Salman ne ɗan musulunci. Wallahu a'alam.

Ummu_Sumayya:

Allah ya gafarta Malam na karɓi gyara akan batun kalmomin, bansan da maganar Ibn Abbas ɗin ba, Allah ya ƙara ilimi. Amma ka lura biyu daga cikin ukun da ka lissafa ajiye sunan suka yi da suka musulunta ko? Ina nan akan bakata hhh.

Baƙon_Sanyi:

Salam. Ni tambayarka ta ƙarshe zan amsa don naga ba wanda ya taɓata, batun yawan sunan. Na zauna da Iraniyawa shekaru a wajen karatu da wajen aiki, kuma cikin duk waɗanda na sani mutum ɗaya tak na taɓa haɗuwa da shi mai suna Ruzbeh, Behruz kam na haɗu da sun kai uku ko huɗu yawanci manya masu furfura. Wannan lissafina ne ni kaɗai ba ƙididdiga ba, amma dai suna ne da kowane Ba'iraniye ya sanshi in ya ji, ba zai ce maka baƙo bane, sai dai ba ya cikin na sahun gaba. Na sahun gaba a can su Muhammad ne da Ali da Husaini da Amir Ali da Abul Fazl, sunayen addini dai, su suke cika rajistar haihuwa.

Abin da na fahimta a zama da su, sunayensu kashi biyu ne a gefe guda na addini a gefe guda na Farisa ta dā irinsu Rustam, Suhrab, Bahram, Kurush, Dariyush, kuma sau da yawa daga sunan mutum kana iya hasashen irin gidan da ya fito ko da yake ba kullum ake dacewa ba. Zamanin sarautar Pahlawi daga 1925 zuwa 1979 gwamnati ta tura kishin tsohuwar Farisa sosai sai irin waɗannan sunaye suka dawo da ƙarfi musamman a birane wajen 'yan boko, bayan juyin juya hali kuma na addini suka ƙara rinjaye. To shi Ruzbeh daɗinsa yana tsakiya, ɗan kishin Farisa zai ce namu ne tsantsa babu Larabci a ciki, mai addini kuma zai ce ai sunan Salman ne, kowa na iya ɗauka ba a zarge shi ba. Wanda na sani ɗin ma haka yake faɗa yana dariya, wai babansa da kakansa basu taɓa haɗuwa akan komai ba sai akan sunansa.

Yana zuwa a sunan dangi ma. Akwai Khosro Roozbeh, hafsan soja ɗan kwaminis na jam'iyyar Tudeh da gwamnatin Shah, sarkin Iran na lokacin, ta harbe a 1958, tsofaffin 'yan siyasarsu duk sun sanshi. Sannan kar kayi mamaki in kana bincike ka ga asibiti yana fito maka, akwai tsohon asibitin masu taɓin hankali a Tehran mai wannan suna, na koyarwa ne sananne, gara in faɗa maka yanzu kar maiɗakinka ta riga ka gani ta samu makami.

A wajen Iran kuwa kusan babu shi sai cikin 'ya'yan Iraniyawa mazauna waje. Amurka duk shekara suna fitar da jerin sunaye 1000 da aka fi sakawa, za ka ga Cyrus da Darius a ciki waɗanda su ma asalinsu Farisa ne, Kurush da Dariyush ne aka bi da su ta Girkanci da Latin, su sun samu shiga ne tun tuni saboda suna cikin Baibul da tarihin Girkawa, amma Ruzbeh baya ciki. Su can ma ƙa'idarsu in suna bai kai jarirai 5 a shekara ba basa fitar da shi a bayanansu gaba ɗaya saboda sirrin mutane, Ingila kuma 3 ne, shi yasa in kaga shafi ya zana maka wani jadawali wai ga farin jinin sunan a duniya kashi kaza kar ka yarda da wuri, ka tambayi daga ina suka samo.

Ni ba zan ce maka saka ko kar ka saka ba, amma abu ɗaya da na gani da idona, mai baƙon suna wahalarsa a takardu take. Abokin nan nawa fasfo ɗinsa Rouzbeh, takardar makaranta Roozbeh, banki suka rubuta Rozbeh, ya sha zirga-zirga kafin a yarda mutum ɗaya ne, Turawa kuma suka gaji suka yanke masa suka koma kiransa Ruz, Larabawan ajinmu suna ta tsokanarsa don ruz a wajensu shinkafa ce. In ka tashi sakawa ka zaɓi rubutu ɗaya tun ranar farko ka riƙe shi gam.

Mai_Tsaron_Baya:

Kai jama'a wlh na ƙaru fiye da abin da na zo nema, Allah ya saka wa kowa da alheri, Malam Almajirin Sira labarin Salman ɗin nan sai da na karanta sau biyu, ashe ni sama-sama na sanshi. Malam ɗalibi batun arziki kuwa tun jiya nake ba mutane labari kamar ni na gano.

Na karanta wa maiɗakin duka daga farko har ƙarshe, tace a gaida Hajiya Ummu Sumayya da kyau wai ta samu 'yar'uwa. Inda muka tsaya yanzu dai ita tace Salman a takarda, in yaso ni in dinga kiransa Ruzbeh ɗina a gida ba ta hana ni ba, ni kuma nace a rubuta duka biyun Salman Ruzbeh tace sai dai in bayan ta sauka mu sake zama. Batun asibitin ne na tsallake ban karanta mata ba, Baƙon Sanyi ka rufa min asiri.

Saura tambaya ɗaya Malam ɗalibi, in Allah ya sa na ci nasara wane rubutun zan kai a rubuta?

Ɗalibin_Farisanci:

Ruzbeh, haka kawai, R-u-z-b-e-h. Da bokonmu yadda aka rubuta haka za a karanta kuma shi yafi kusa da furucinsu. In ka sa "ou" ɗin ɗan ƙwallon za a dinga ce masa Rauzube, in ka sa "oo" ya koma Rozbe. Kuma ka tsaya akan mai rubutawar ka ga ya sa h ɗin ƙarshe, ita suka fi yarwa. Allah ya sauketa lafiya, in kuma sikanin yayi kuskure aka samu mace ka dawo akwai Behnaz da Mahnaz a ajiye.